Yadda Matan Bangaladash Suka Karya Lagon Gudawa

A shekarar 1971, yaƙin neman 'yancin Bangaladash ya kora miliyoyin mutane zuwa Indiya. Cutar kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ta jijiya ya ƙare, mutane suna ta mutuwa. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya sa aka haɗa gishiri da sukari da ruwa a manyan durom-durom, ya ce wa dangin majinyata su riƙa ba su da kofi. A da, kusan mutum 30 cikin 100 ke rasuwa. Cikin waɗanda aka shayar da wannan haɗi, adadin ya sauko ƙasa da 4.

Hikimar abin tana cikin hanji. Mai gudawa yakan mutu ne saboda ruwan jikinsa ya tsiyaye. Idan gishiri ya haɗu da sukari daidai gwargwado, hanji yakan tsotse su tare, ruwa ya bi su ya koma jini, ko da kuwa gudawar ba ta tsaya ba.

Sai dai magani yana hannun likitoci, yara kuma suna mutuwa a ƙauyukan Bangaladash. Nan ne ƙungiyar BRAC, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972, ta yi abin da ya kamata mu yi nazari a kai. Daga 1980 zuwa 1990 ta tura mata gida-gida, har suka shiga gidaje kusan miliyan 12. Ba su ɗauki kwalin magani ba. Sun koya wa uwaye haɗi da abin da ke cikin ɗakin girkinsu: gishiri ɗan abin da yatsu uku za su tsinto, mazarƙwaila cikin tafin hannu, ruwa kimanin rabin lita. Mai koyarwa za ta zauna da uwa, ta yi bayani, sannan ta sa ta haɗa da hannunta a gabanta. Gani ya kori ji.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka riƙa biyan masu koyarwar. Bayan 'yan makonni, masu sa ido za su koma wasu daga cikin gidajen, su yi wa uwa tambayoyi, su sa ta sake haɗawa, su kai ruwan ɗakin gwaji a auna gishirinsa. Gwargwadon abin da uwaye suka riƙe, gwargwadon albashin mai koyarwa. Don haka ba wadda ke gaggawar barin gida kafin uwa ta iya.

Da aka lura mata sun iya amma ba sa amfani da shi sosai, sai aka gano cewa maganar maigida da ta mai maganin ƙauye tana rinjayar tasu. BRAC ta tura maza kasuwanni da masallatai su fahimtar da maza 'yan'uwansu. Yau Bangaladash tana cikin ƙasashen da suka fi kowa ba yara wannan ruwa idan gudawa ta kama su.

Mu ma mun san ruwan gishiri da sukari, mun ji shi a rediyo tun muna yara. Amma da damina ta kama, amai da gudawa sukan ɗauke mana yara. Har yanzu akwai uwar da za ta ce “ai haƙori ne”, ta zuba ido har maɗigar yaro ta faɗa. Akwai uban da zai ruga kemis ya sayo Flagyl, ya manta da ruwan da jikin ɗansa ke nema. Akwai mai rage nono, alhali lokacin ne yaro ya fi bukatarsa.

Haɗin da hukumomin lafiya suka yarda da shi a gida shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya-wata biyu, da sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Gishiri idan ya yi yawa yana cutarwa, shi ya sa ƙullin ORS na asibiti, wato haɗin da aka riga aka auna, ya fi, a haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. A ba yaro kaɗan-kaɗan, a zubar da abin da ya kwana ya wuni. In an ga jini a kashi, ko yaro ya kasa sha, ko ya galabaita, sai asibiti ba jinkiri.

Muna da ungozomomi, da malamai mata na Islamiyya, da matan da suka saba shiga gidaje saboda rigakafin shan-inna. Muna da limamai da masu unguwanni da maza ke sauraro. Abin da ya rage shi ne hukumomin lafiya su ba su wannan aiki, su biya su, su kuma koma su bincika ko uwa ta iya. Duk gidan da aka zauna da uwa har ta haɗa ruwan daidai da hannunta, an ba yaran gidan kariyar da za ta yi musu aiki ko da tsakar dare ne, ko da asibiti yana da nisa.