Ƙasar Ƙanƙara a Allo, Jigawa a Ƙarƙashin Takalmi

'Yan'uwana ɗalibai, a tsibiran Svalbard, can kusa da ƙarshen duniya ta arewa, akwai cibiyar jami'a da aka buɗe a 1993. Ɗalibanta sukan ɗauki shebur su fita, su haƙa ƙasa har su ci karo da ƙanƙarar da ba ta narkewa rani da damina. Wannan daidai ne, domin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu suke tono.

To mu fa? Mun haddace podzol, kalmar Rasha ce mai nufin ƙasa mai launin toka, mun zana ta a takardar jarrabawa, mun ci maki. Amma a kai ɗayanmu gona a Yalwawa a ce ya bambanta jigawa da dabaro, ko ya faɗi dalilin da ya sa ruwa ke gudu a kan faƙo ba ya shiga, sai ya hau susar ƙeya. Tsohon da bai taɓa shiga aji ba zai murza ƙasar a tafin hannu ya ce nan gero, can dawa. Abin kunya, sunan jihar da aka kafa a 1991 daga wannan rairayi aka samo shi!

Ban ce a jefar da ilmin ƙasashen sanyi ba. In ƙanƙarar Siberiya ta narke, iskar da take saki tana ƙara zafin duniya, mu ma yana iske mu. Sai dai a tuna, Dokuchaev, uban wannan fanni, da ƙafa ya ratsa filayen Rasha kafin ya fitar da littafinsa kan baƙar ƙasarsu a 1883. Hanyarsa ya kamata mu ara, muka ɓige da arar ƙasarsa.

Gobe mu ne malaman gona, mu ne za mu zauna a ma'aikata muna rubuta buhu nawa na takin zamani za a zuba a eka. Jigawa ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. In ba a haɗa da takin gargajiya ba, ruwan Agusta ya wanke kuɗin talaka ya wuce da su ƙasa. Wa zai biya shi?

Don haka ƙungiyarmu ta nema a rubuce: kowace damina a fitar da ɗalibai mako biyu, a haƙa ramuka daga gindin duwatsun Dutse har zuwa fadama, mai gonar yana tsaye, ana rubuta sunan da ya ba kowace ƙasa kusa da na littafi. Shebur ba ya bukatar biza.