Kwallin jarirai da kifin Lagdo: a auna mana mu sani

Duk wanda ya taɓa jinya a asibiti ya san ɗan abin nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa. Haske yake turawa cikin yatsan, ya lissafa nawa jini ya shanye, sai ya faɗi yawan iskar oksijin. Dabarar ke nan: kowane sinadari yana da irin hasken da yake haɗiyewa, ba ya shan na wani. A 1955 Alan Walsh na Ostireliya ya mayar da ita hanyar gano ƙarafa. A narkar da abu, a fesa shi cikin harshen wuta, a haska masa fitila ta musamman; gwargwadon hasken da ya ɓace, gwargwadon ƙarfen da ke ciki.

To mu a Garwa ina ruwanmu? Kwalli. Kwallin dutse mai ƙyalli sau da yawa ma'adinin dalma ne tsagwaronsa, kuma ido ba ya bambance shi da marar dalma. Uwa ta zizara wa jariri, ya murza ido, ya kai yatsa baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro shiru, ba zazzaɓi ba kuka, sai an sa shi makaranta a ce ba ya ganewa. Ni ban ce a jefar da tandun kaka ba. Cewa nake a auna wanda ke kasuwa, a gaya mana wanne ne lafiyayye.

A Zamfara, a 2010, yara sama da 400 suka mutu saboda ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake niƙawa cikin gidaje. Mu ma ana tonon zinare a Mayo-Rey, ruwan can kuwa Binuwai yake gangarowa, ya taru a Lagdo, inda kifin miyarmu ke fitowa. Zaibar da masu tono kan kama zinare da ita a jikin kifi take taruwa, kuma ita ma da haske ake gano ta.

An kafa Jami'ar Garwa a 2022, ga kuma reshen Centre Pasteur a cikin gari. Sayen na'ura ba shi ne wahala ba. Tana son iskar gas, fitilun canji, lantarki tsayayye da ma'aikacin da ya iya ta. A sa waɗannan a kasafin kowace shekara, sakamakon kuma a karanta shi a rediyo da Fulatanci da Hausa, inda iyaye mata za su ji.