Burtali da Shingen Waya: Wa Ke da Iko da Hanyar Jama'a a Rano da Kibiya?

A watan Yulin 2024 an ɗauki matakai biyu da suka shafi kudancin Jihar Kano. A Abuja, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. A Kano kuma, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a kan dokar da ta dawo da masarautar Rano a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya a ƙarƙashinta. An yi ta muhawara a kan siyasar da ke bayan matakan biyu, amma ba a cika waiwayar tambayar da ta haɗa su ba: wa ke da alhakin tsare burtali da turba da mashaya, waɗanda na kowa ne amma babu mai riƙe da takardarsu?

Tambayar ta fi nauyi a wannan yanki saboda yanayinsa. Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ƙasa ce ta duwatsu, kuma ba ko'ina ne dabba ko amalanke ke iya ratsawa ba. Daga arewa akwai gonakin noman rani na Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Daga kudu akwai Dajin Falgore, wanda ya shimfiɗu a ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Garken da ke neman ciyawa da ruwa tsakanin waɗannan wurare dole ya bi ta cikin ƙasar da manoma suka cika. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum kimanin 145,000 a ƙaramar hukumar Rano da kimanin 137,000 a Kibiya, kuma tun daga lokacin jama'a ƙaruwa suke yi, ƙasa kuwa tana nan yadda take.

Yadda hanya ke mutuwa

A tsarin gargajiya burtali yana da iyaka da kowa ke gani. Ana dasa aguwa a gefensa, mai unguwa da dagaci sun san inda ya faro da inda ya ƙare, ardo kuma ya san lokacin da zai bi da garkensa. Hurumin gari da mashaya suna da irin wannan kariya. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da sanin hukuncin da ya zo a hadisi, cewa idan aka yi saɓani a kan hanya ana barin faɗin zira'i bakwai. Ƙarfin wannan tsari shi ne amana da sanin juna. Rauninsa kuwa shi ne yana zaune ne a ƙwaƙwalwar dattawa, kuma duk dattijon da ya rasu ya tafi da wani ɓangare na taswirar.

Burtali ba ya ɓacewa a rana guda. Bana manomi ya ƙara kunya biyu, baɗi maƙwabcinsa na ɗaya gefen ya rama da uku. Idan aka zo rabon gado, kowane magaji yana auna kasonsa har da abin da aka ci. Kafin shekara goma, hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma siririn layin da saniya ba za ta bi ba sai ta kai baki ga dawa. Ranar da ɓarna ta auku, makiyayi ake kamawa, kuma sau da yawa da hujja, domin amfanin gona ya salwanta. Amma wanda ya fara cin hanyar ba ya cikin waɗanda ake gurfanarwa.

Akwai kuma sababbin masu amfani da hanyar waɗanda tsohon tsari bai san da su ba. Babur ya zama jakin wannan zamani: shi ke ɗauko buhu daga gona, shi ke kai mara lafiya asibiti, kuma turbar ƙafa da burtali yake bi domin su ne gajeriyar hanya. Yana firgita garke, yana kuma cin karo da mata masu tallar nono da yara 'yan makaranta. Tifofin yashi suna farfasa turba da damina su bar ramukan da ke zama zaizaya. Babu wata ƙa'ida a rubuce da ta faɗi wanda zai kauce wa wani.

Na ƙarshe a jerin shi ne manomin birni. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ya sayi gona a karkara domin tanadin ritaya yakan kewaye ta da waya ko bulo. Sau da yawa bai san cewa turba ta ratsa ta cikinta ba, domin mai sayarwa bai faɗa masa ba, takardar ciniki ma ba ta ambata ba. Kunyar da manomin ƙauye ya ƙara ana iya sasantawa a kanta a ƙofar gidan dagaci. Katangar bulo kuwa sai kotu.

Abin da doka ta ce

Dokar Wuraren Kiwo ta Arewacin Najeriya ta 1965 ta ba hukuma ikon keɓe filaye domin kiwo, amma da yawa daga cikin wuraren da aka ware ba a kammala shigar da su cikin kundin gwamnati ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara, har hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo ba tare da neman amincewar gwamna ba. Ma'ana, sakatariyar Rano da ta Kibiya suna da ƙarfin doka a kan wannan batu fiye da yadda ake zato. Sarakuna da hakimai suna da sanin iyakoki, ƙananan hukumomi suna da hatimi, amma an bar su kowa yana aiki shi kaɗai.

A matakin ƙasa, muhawarar ta maƙale tsakanin haramtawa da waiwaye. Jihar Binuwai ta haramta kiwon sake a 2017, gwamnonin kudu suka ɗauki irin wannan matsaya a Asaba a watan Mayun 2021. Wata guda bayan haka Shugaba Muhammadu Buhari ya ce ya umarci a tono tsofaffin takardun Jamhuriya ta Farko da suka fayyace burtalai. A Kano, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta mayar da hankali ga tsugunar da makiyaya a dajin Dansoshiya da ke Kiru. Ko da tsugunarwa ta yi nasara, saniyar da ke ruga tana buƙatar hanyar zuwa mashaya da kasuwa, haka ma shanun huɗa da awakin manomin kansa.

Darasi daga wasu ƙasashe

Rikicin hanya tsakanin tsofaffin masu amfani da sababbi ba a nan kaɗai ake yin sa ba. A Amurka, lokacin da keken hawan tsauni ya bazu daga Kalifoniya a shekarun 1970, masu tafiyar ƙafa da mahaya dawaki sun koka cewa yana firgita dawaki yana kuma ɓata turba. A 1984 hukumar gandun daji ta ƙasar ta fayyace cewa keke ba zai shiga dazuzzukan da dokar 1964 ta keɓe ba, wasu wuraren shaƙatawa ma suka rufe turbobinsu. Masu keken suka kafa ƙungiyar IMBA a 1988, suka ɗora wa kansu ƙa'idoji: mai keke shi ne zai kauce wa mai ƙafa da mai doki, kuma ba zai bi turbar da aka rufe ba. Suka shiga aikin gyaran turbobi da hannunsu. Da wannan ne suka samu gurbi a wurare da dama, ko da yake haramcin dazuzzukan da aka keɓe yana nan.

Misalin da ya fi kusa da halin Rano shi ne na Sifaniya. Dokar 1995 ta ayyana tsofaffin burtalan ƙasar, masu tsawon kilomita kusan 125,000, a matsayin dukiyar jama'a da ba a sayarwa, kuma daɗewa a kanta ba ya mayar da ita mallakar kowa. Mafi girmansu faɗinsa ya kai mita 75. Dokar ta bar masu tafiyar ƙafa da masu keke su bi, bisa sharaɗin cewa garke shi ne kan gaba. A maƙwabciyarmu Nijar ma, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, dokar kiwo ta 2010 ta amince da zirga-zirgar makiyaya a matsayin haƙƙi. A jihar Maraɗi an kafa turakun siminti a gefen burtalai da dama, kuma kowace shekara hukuma ke sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi. Ba a daina rikici ba, amma idan ya taso akwai abin da alƙali zai duba.

Abin da ya rage a yi

Abu ɗaya ne ya haɗa waɗannan misalai: an rubuta hanyar, an sa mata alama, an faɗi wanda ke kan gaba. Aikin bai fi ƙarfin masarauta mai ƙananan hukumomi uku ba. Dagatai da ardo-ardo da dattawan manoma za su iya zagayawa tare da ma'aikatan safiyo, a auna abin da ya rage na burtali da mashaya, a kafa turaku, a ajiye taswira a sakatariya da fadar hakimi inda mai niyyar sayen gona zai duba kafin ya biya. Majalisun ƙananan hukumomi za su iya yin dokar da ta wajabta wa mai babur rage gudu da kauce wa garke da mai ƙafa, ta hana tifa bin turba da damina, ta kuma tsayar da ranar sakin gonaki. Inda aka riga aka gina gidaje ko makaranta a kan tsohon burtali, rusau zai haifar da sabuwar fitina. Abin da ya fi dacewa shi ne a yanka madadin hanya a biya diyya.

Mazauna birni suna da ruwa da tsaki a wannan batu. Naman da ake sayarwa a Kano da nonon da ake dama fura da shi da hatsin da ke shiga Dawanau duk ta irin waɗannan turbobi suke fitowa, kuma kuɗin kowace ɓarna ko tara yana ƙarewa ne a kan farashi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Dattawan da suka san inda aguwa ta tsaya a Rano da Kibiya suna raye a yau, kuma kuɗin turaku da taswira bai kai na tura jami'an tsaro bayan an zubar da jini ba.