Faifan Ahmad Jamal da Ya Kamata a Fara Ji

Ranar 16 ga Janairun 1958, a otal ɗin Pershing da ke Shikago a Amurka, aka naɗi wasan makaɗan jaz uku: Ahmad Jamal a kan fiyano, Israel Crosby da bas, Vernel Fournier da ganguna. Kamfanin Argo ya fitar da faifan da suna At the Pershing: But Not for Me, ya kuma shafe shekara biyu cur a jerin waɗanda aka fi saye.

Jamal, haifaffen Pittsburgh a 1930 wanda ya musulunta a 1950, ba ya cika kunne da yawan taɓe-taɓe. A cikin kiɗan "Poinciana" na wannan faifai, mai tsawon kusan minti 8, yakan ɗauke hannu ya bar gangar Fournier, ɗan New Orleans, ta yi ta tafiya, sannan ya dawo da 'yan sautuka kaɗan daidai gaɓa. Wasu masu sharhi sun raina salon, suka ce kiɗan sanyaya zuciyar mashaya ne. Sun yi kuskure babba, domin shahararren makaɗin jaz Miles Davis da kansa ya sha faɗin irin tasirin da Jamal ya yi masa.

Masu fifita faifansa The Awakening na 1970 ma suna da hujja: daga cikinsa aka tsakuro sautin fiyanon waƙar Nas, "The World Is Yours", ta 1994.

Duk da haka, faifan Pershing ne gaba. Jamal ya rasu a 2023, kuma duk mai son sanin gwanintarsa, da wannan faifai ya kamata ya fara.