Rumbun Aro Ba Ya Riƙe Hatsi: Ina Rubuce-rubucenmu Suke Tafiya?

 Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, ƙorafi ne, kuma da kamfanonin da ke ba mu hayar wurin ajiya a intanet nake, su da marubutan da suka ɗauke su tamkar waliyyai.

An daɗe ana yi mana gori wai zamanin takarda ya wuce, wai wanda ke kai littafi maɗaba'a ɗan ƙauye ne, abin da aka sa a intanet kuwa ya zauna ke nan har abada. To, bari mu duba wannan "har abada" ɗin. A 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities da miliyoyin shafukan mutane. A 2019 MySpace ya fito ya ce waƙoƙi wajen miliyan 50 da aka ɗora daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya na'urori. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar kamfanin OVH a Strasbourg ta ƙasar Faransa, wasu ba su sake ganin kayansu ba. A nan gida kuma OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu suna sayarwa, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Shi dai ya yi sanarwa tukuna, wannan ma abin a yaba ne.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ɓatan da ba sanarwa ba bayani. Ni kaina daga nan Mashi ina biyan wani kamfani kuɗin haya duk shekara ba fashi, rana ɗaya babi goma sha huɗu na sabon littafina, aikin wata uku, suka yi ɓatan dabo, tsofaffin kuwa suna nan daram. Amsar da aka ba ni ita ce "matsalar na'ura". Littattafan makaranta da nake fara rubutu a ciki da biro su suka cece ni.

Jama'a, babu aljani a cikin wannan lamari. Rubutun da kuke karantawa yana zaune ne a wani rumbun bayanai cikin kwamfutar kamfanin, su kuma sukan kwafe rumbun lokaci-lokaci su adana. In na'ura ta lalace, ko sun tashi ƙaura zuwa wata, sai su dawo da kwafin da ke hannunsu. In kwafin na wata uku baya ne, duk abin da aka rubuta bayansa ya tafi. Shi ya sa sabo ke ɓacewa tsoho ya tsira. Ke nan sun san ranar kwafin, sun san abin da ya faru, faɗa ne kawai ba sa so, domin faɗar za ta tona cewa sun yi watanni ba su kwafa ba alhali suna karɓar kuɗinmu.

Za a ce ai yana cikin sharuɗɗan da muka amince da su, cewa ajiyar kwafi nauyin mai haya ne. Na ji. Amma da Turancin lauyoyi aka rubuta su, cikin ƙananan baƙaƙe, tallan kuwa da manyan baƙaƙe yake cewa kayanka na cikin aminci. Ko ɗan dako a tashar Mashi in ya ɓatar maka da buhun gero sai ya tsaya gaban shugabannin tasha ya yi bayani, balle wanda ka ba amanar ƙwaƙwalwarka.

Ku tuna 2007, lokacin da aka cinna wa littattafan Hausa wuta a Kano a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Mun yi kuka, duniya ta ji. Amma wutar ba ta shafe labarin kowa ba, domin kwafe dubbai na cikin akwatunan amare da shagunan 'yan haya daga Sabon Gari har Maraɗi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tun 1934 yake, har gobe ana karanta shi. Yau kuwa littafi kan mutu da dare ɗaya, ba hayaƙi ba toka, kuma ba mai cewa uffan.

Don haka nake kira. Kafin ka biya kowane kamfani, tambaye shi sau nawa yake kwafa, kwana nawa yake riƙe kwafin, ya ba ka amsa a rubuce. Duk babin da kika gama, 'yar uwa, ki ajiye shi wuri uku: waya ko kwamfuta, filashi, da takarda. Littafin da ya kammala a buga shi ko kwafi hamsin ne, a kai uku Ɗakin Karatu na Ƙasa kamar yadda dokar 1970 ta tanada. Ƙungiyar marubuta ta ANA da jami'o'inmu irin su Bayero da Umaru Musa 'Yar'adua, lokaci ya yi da za ku buɗe ma'ajiyar littattafan da ake rubutawa a waya, domin 'ya'yanmu mata sun rubuta ɗaruruwa da ba su taɓa ganin tawada ba.

Kamfanonin nan kuma, ba alfarma muke roƙo ba. In kun ɓatar, ku faɗi abin da ya ɓace, da ranar, da dalili, ku biya diyya. Allah Ya sa mu dace, wassalam.