Kafin ka cire fulin karanshaf na asali ka saka mara nauyi, karanta wannan



Yau za mu ɗan fita daga cikin waya mu leƙa cikin bonet, domin akwai wani abu da yake yawo a bidiyoyin TikTok da YouTube wanda ya fara shiga kan samarinmu masu son gyara mota ta yi gudu. Za ka ga an ɗauko wani fuli na alminiyam, ja ko shuɗi, yana ta sheƙi, a ɗora shi a sikeli kusa da baƙin fulin da ya zo da motar, a nuna maka bambancin nauyi, sannan a ce da ka saka shi injinka zai farka. Ra'ayina a kai a fili yake: idan injinka mai sufacaja ne, kar ka saka fulin da ba shi da abin shanye jijjiga. Ribar ƙarama ce ƙwarai, asarar kuwa tana iya kaiwa ga inji sukutum. Bari in kawo dalilaina.

Da farko, mene ne fulin nan?

A cikin inji akwai wani dogon ƙarfe mai gwiwowi da ake kira karanshaf. Fistin yana sauka da hawa, shi kuma karanshaf yana mayar da wannan motsin ya zama juyi. A bayansa akwai fulawil, wanda yake haɗuwa da giya. A gabansa kuma akwai wani faifai da bel yake zagayawa a kai, shi ne fulin karanshaf. Daga nan bel yake ɗaukar ƙarfi ya juya alteneta da kwamfiresan AC, a wasu motocin har da famfon ruwa da na sitiyari.

Idan ka duba fulin asali da kyau a yawancin motoci, za ka ga ba ƙarfe ɗaya ba ne. Akwai cibiya da aka ɗaure a jikin karanshaf, akwai zobe mai nauyi a waje, sai roba a tsakaninsu. Wannan haɗin shi ake kira damfa. Yawancin fulin sheƙin da ake tallatawa kuwa dunƙulen alminiyam ne guda, babu roba, babu zobe. Wato nauyin da aka rage maka, damfa ɗin ne aka cire.

Aikin da robar take yi

Mutum yana ganin karanshaf sai ya ɗauka ƙarfe ne da ba ya motsi. Alhali duk lokacin da fetur ya kama wuta a silinda, fistin yana dukan gwiwar karanshaf da ƙarfi, ƙarfen ya ɗan murɗe kamar yadda ake matse wanki, sannan ya dawo. Murɗewar ba ta kai ido ya gani ba, amma tana nan.

Mu yi lissafi. Inji mai silinda 4 yana yin bugu 2 a kowane juyi. Idan allurar dashbod tana kan 3,000, wato juyi 3,000 a minti ɗaya, bugu 6,000 ke nan a minti, bugu 100 a kowace daƙiƙa. Ka taka ta kai 6,000, ya zama bugu 200 a daƙiƙa.

Inda abin yake da haɗari shi ne, kowane ƙarfe yana da saurin karkarwar da ya dace da jikinsa. Ka tuna yaro a kan lilo. Ba sai ka tura shi da ƙarfi ba, in dai kana turawa daidai lokacin da ya dawo, sai ka ga yana ta yin sama. Haka karanshaf yake. Akwai wani gudun inji da bugun fistin yake faɗawa daidai da karkarwar ƙarfen, sai murɗewar ta riƙa taruwa tana girma. A nan damfa yake shigowa. Zoben waje mai nauyi ba ya bin wannan fizgar nan take, yana ɗan yin baya, sai robar da ke tsakani ta riƙa lanƙwasawa tana mayar da ƙarfin fizgar ya zama zafi. Injiniyoyin kamfanin sun auna nauyin zoben da taurin robar daidai da wannan injin. Dabara ce tsohuwa, ta haura shekara 100, tun zamanin da dogayen injina masu silinda 6 suke karya karanshaf, kuma Frederick Lanchester na Ingila yana cikin waɗanda suka fara magance matsalar.

Mu masu waya mun san wannan ciwon

A sana'armu ta gyaran waya, jijjiga ba baƙuwa ba ce. Kamarar manyan wayoyi tana da tsarin da yake hana hoto rawa, inda gilashin kamarar ko na'urar ɗaukar hoton take rataye a kan 'yan siraran sifirin, maganaɗisu yana motsa ta. A watan Satumba na 2021 kamfanin Apple ya fitar da gargaɗi cewa ɗaura iPhone a jikin babur mai babban inji yana iya lalata wannan tsarin da na saita hoto, saboda jijjigar da take biyowa ta kan babur. Ga masu ƙananan babura kuma ya ba da shawarar a yi amfani da mariƙin waya mai shanye jijjiga. Wayar ba ta faɗi ba, ruwa bai taɓa ta ba, amma ka buɗe kamara ka ga hoto yana rawa, wani lokaci har da ƙara zzzz. Jijjiga ce ƙarama, sau miliyoyi.

Ko ka ɗauki wayar caja. A ina take mutuwa? A wuya, inda ake lanƙwasa ta kullum. Ba a rana ɗaya take tsinkewa ba. Ƙarfe ma haka yake gajiya. Shi ya sa wanda ya ce maka "na saka wata uku ke nan lafiya lau" bai ba ka hujja ba tukuna.

Me ya sa na matsa a kan mai sufacaja?

Sufacaja famfon iska ne da yake cusa iska cikin inji da ƙarfi don a ƙona fetur mai yawa a samu ƙarfi. Bambancinsa da turbo shi ne, turbo hayaƙin salansa ne yake juya shi, sufacaja kuwa bel ne yake jan sa kai tsaye daga fulin karanshaf. Motocin nan suna kan titunanmu. Duk Mercedes ɗin da ka ga an rubuta Kompressor a bayanta, irin C180 da C200 da C230, sufacaja gare ta. Haka Range Rover mai tambarin Supercharged. A Turai da Amurka kuwa, motar da aka fi yin wannan muhawara a kanta ita ce Mini Cooper S ta 2002 zuwa 2006, mai inji lita 1.6 da sufacajar Eaton M45.

A irin wannan injin matsala biyu ce take haɗuwa. Ta farko, tunda iska da fetur sun fi yawa a silinda, bugun da fistin yake yi wa karanshaf ya fi ƙarfi, murɗewar ma ta fi. Ta biyu, hancin karanshaf yana ɗauke da kaya mai nauyi, domin juya sufacaja yana cin ƙarfi sosai, kuma bel ɗin a ɗaure yake tamau yana jan hancin gefe guda. Duk fizgar da damfa bai shanye ba, bel ne zai kai ta ga boris ɗin sufacaja da na alteneta da abin da yake ɗame bel. Ta ciki kuma za ta bi sarƙar taimin, da famfon baƙin mai a injinan da karanshaf yake juya shi kai tsaye, da metal ɗin da karanshaf yake kwance a kai. Famfon baƙin mai ya tsaya inji yana gudu, ai ka san sauran labarin.

Sannan yawancin masu saka fulin nan ba a nan suke tsayawa ba, suna ƙara wa sufacajar gudu. Misali, a ce fulin karanshaf faɗinsa milimita 150 ne, na sufacaja kuma 75. Inji yana juyi 6,000, sufacaja tana 12,000. Ka rage fulin sufacajar da kashi 15 cikin 100, kamar yadda masu Mini suka saba yi, sai ta haura 14,000. Iska ta ƙaru, bugu ya ƙaru, zafi ya ƙaru, ga namu zafin na watan Afrilu da yake haura digiri 40. A daidai lokacin da injin ya fi buƙatar damfa, a lokacin ne aka cire shi. Wannan ai cire wa jaki akumari ne sannan a ƙara masa kaya.

To mece ce ribar da ake faɗa?

Mu yi adalci, akwai ɗan abin da ake samu. Abu mara nauyi ya fi saurin ɗaukar juyi, don haka idan mota tana tsaye ka taka totur, allura za ta ɗan fi saurin tashi. Amma fuli mara nauyi ba ya ƙara iska, ba ya ƙara fetur, saboda haka ba ya ƙirƙiro ƙarfin da babu shi. Kuma a abin da yake juyawa, nisan nauyi daga tsakiya ya fi yawan nauyin tasiri. Fuli ƙaramin faifai ne. Fulawil da kuloci da suke ɗaya ƙarshen sun fi shi faɗi da nauyi nesa ba kusa ba. Da ka saka giya kuma, injin yana jan mota mai nauyin fiye da tan ɗaya ne. Kilo ɗaya ko biyu da ka rage a fuli, a cikin wannan lissafin, cikin cokali ne.

Masu sayarwa suna da amsarsu. Suna cewa robar don rage ƙara ce kawai, kuma injinan yanzu an daidaita musu nauyi tun daga kamfani. A nan ake haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Daidaita nauyi yana hana karanshaf girgiza yayin juyi, kamar yadda ake yi wa taya balansin. Murɗewa kuwa daga bugun fistin take zuwa, kuma karanshaf ɗin da aka daidaita shi sarai ma yana murɗewa. Gaskiya ne akwai ƙananan injina masu gajeren karanshaf, marasa sufacaja, da suka yi shekaru da fulin alminiyam ba su fashe ba. Amma wancan inji daban, naka daban.

Ka duba masu tseren mota na gaske a Amurka, waɗanda suke cire kujeru da kafet don rage nauyi. Da yawansu ba sa jefar da damfa, mafi inganci suke saya, irin na ATI mai zobban roba a ciki, ko na Fluidampr mai zobe da yake iyo a cikin ruwan silikon mai kauri. Har ma'auni na musamman gare su mai suna SFI 18.1 da ake gwada damfa da shi kafin a yarda da shi a filin tsere. In wanda yake ƙirga kowane giram ya bar wannan nauyin, kai da kake zuwa aiki da motarka me ya kai ka?

Abin da ya kamata ka yi

Damfa na asali ma yana mutuwa, kuma motocin Kwatano da muke saya da yawansu sun haura shekara 15 da robar da suka fito da ita. Zafi yana busar da ita, baƙin man da yake yoyo daga gaban inji kuma yana ruɓar da ita. Ga yadda za ka duba:

1. Kashe inji, cire makulli, haska da fitilar wayarka. Idan robar ta tsattsage, ko ta kumbura ta fito waje, ko wani ɓangare ya ɓalle, lokacinta ya yi.

2. Ja layi da alli ko farin fenti daga cibiya ya ƙetara robar zuwa zoben waje. Bayan kwana biyu ka sake dubawa. Idan layin ya rabu biyu, zoben yana zamewa.

3. Tayar da inji ka tsaya nesa kaɗan ka kalli fulin. Idan yana layi kamar faifan da ya lanƙwashe, akwai magana. Za ka iya ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya da waya don ka gani sosai, amma ka nisanta hannu da babbar riga daga bel.

4. Bel yana yawan kuka ko yana cinyewa ta gefe, fitilar batir tana kamawa, ƙarfin mota ya ragu, duk alamu ne. A Mini ɗin da na ambata abin ya fi muni, domin famfon ruwanta a bayan sufacaja yake, ita ce take juya shi. Damfa ya rabu, sufacaja ta tsaya, inji ya ɗau zafi nan take.

Idan ya tabbata ya mutu, ka nemi na asali ko na kamfanin da aka sani wanda aka yi don lambar injinka. Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya ko ta intanet, ka tambaya a fili: yana da damfa ko dunƙulen ƙarfe ne? In gwanjo ne, ka duba robarsa kamar yadda ka duba taka. Kar ka yarda a yi wa wanda ya rabu walda a haɗe cibiya da zobe, domin ka mayar da shi dunƙule ke nan, mai nauyi kuma. Wajen ɗaurawa, ka ce wa bakanike ya yi amfani da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, kar a buga shi da guduma. A injina da yawa ma ƙusar tsakiyar sau ɗaya ake amfani da ita, sai a saka sabuwa.

In kuma ƙarin ƙarfi kake nema da gaske, akwai fulin da yake da damfa a jikinsa kuma an yi shi da girman da zai ƙara wa sufacaja gudu. Ya fi tsada, kuma sai an haɗa da gyaran sanyaya iska da saita kwamfutar mota. In aljihu bai kai nan ba, kuɗin fulin sheƙin ka zuba shi a sabon bel, da fulogi masu kyau, da matatar iska, da canjin baƙin mai a kan lokaci. Wallahi za ka fi jin bambanci a ƙafarka.

Arha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma a nan ko arhar ma babu, tunda kuɗi za ka biya a cire maka kariya. Masu Kompressor da makanikai da ke cikinmu, ku faɗa mana abin da kuka gani a fulin motocinku bayan kun ja layin allin. Ku tura wa abokin da kuka san ya fara sha'awar wannan harkar.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya sa mu dace.