Kada a Karya wa Ɗan SS1 Gwiwa

A Akurba da sauran unguwannin Lafiya, ƙarshen zangon farko kan zo wa iyaye da ba-zata. Yarinyar da ta saba zuwa ta uku a JSS3 ta shiga ajin kimiyya na SS1, sai ga sakamako duk jan biro. Uba ya ɗaure fuska, uwa ta ce wasa ya yi yawa.

A ganinmu, sau da yawa ba lalaci ba ne. Kimiyyar da ake koya a dunƙule a ƙaramar sakandare ta rabu gida uku: fizik, kemistiri da bayoloji, kowanne da Turancinsa mai nauyi. Haddar da ta fisshe ta a jarrabawar BECE ba ta isa ba, yanzu sai an fahimta. Ga aji maƙil, ga talla bayan an tashi.

Muna roƙon shugabannin makarantu su ware makonnin farko don cike giɓin lissafi, iyaye kuma su rage wa yara aike da yamma. Akwai kusan shekara 3 kafin WAEC da NECO. A ja yaro a jiki, sannu ba ta hana zuwa.